Ninki Hamsin

Shekara huɗu na yi ina koyar da kemistiri da ruwan rijiya. Wanda bai yi koyarwa a Minna a shekarun tamanin ba zai ɗauka ba'a nake yi, to wallahi ba ba'a ba ce. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, can gefen hanyar Bosso, tana kuma da wani ɗaki da aka rubuta wa "lab" a ƙofa da jan fenti. A ciki akwai tebura shida, da famfunan da ba su taɓa ɗigo da ruwa ba, da kabad cike da kwalaben da abin cikinsu ya ƙare tun zamanin wani Ba'indiye da ya riƙe darasin kafin ni. Duk shekara sai in rubuta takardar neman kayan aiki, duk shekara shugaban makaranta ya ce ma'aikata tana dubawa. Ina jin har yau tana nan tana dubawa.

Sunana Ladan. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, shi ya sa aka haife ni a garin. A lokacin da nake ba da labari, 1988, ina da shekara talatin da ɗaya, ina haya a Sauka Kahuta, ina da babur da mata da 'ya ɗaya. Kuma ina jin kaina ƙwarai, don a duk makarantar babu mai taɓa darasina.

A jarrabawar fita ta aji biyar, tambayar farko ta aikin hannu kusan kullum iri ɗaya ce. Za a ba yaro ruwa biyu, ɗaya asid, ɗaya soda. Zai zuƙo sodar da baki cikin wani siririn bututun gilashi da ake kira fifet, har ta kai zanen da ke wuyansa, ya juye a kwalba, ya ɗiga maganin launi, ruwan ya zama rawaya. Daga nan sai ya riƙa sakin asid daga wani dogon gilashi mai lambobi, buret, ɗigo-ɗigo, har ruwan ya juya ja-ja. Ya karanta yawan asid ɗin da ya shiga, ya yi lissafin ƙarfin sodar. Iyakar abin ke nan.

Mu da ba mu da asid ba mu da soda, sai mu cika komai da ruwan rijiya. Yara su zuƙa, su juye, su saki, ni kuma ina tsaye a gaba, in na ga dama in daka tsawa, "Ya juya!" kowa ya rufe buret ɗinsa ya rubuta lamba. Ga zafin Minna na watan Maris, ga rufin kwano a kai. In yaro ya zuƙa ya zarce, ruwan ya shigo masa baki, sai ya haɗiye abinsa. Na yi faɗa sau ɗaya, na yi sau biyu. Wani ɗan iska a baya ya ce, "Malam, ai sadaka ce, ƙishi muke ji." Ajin ya fashe da dariya, ni ma na yi. Daga ranar ban ƙara magana a kai ba.

A cikin 'yan aji biyar na shekarar akwai Magdalina Irimiya. 'Yar Beji ce, tana zaune wajen gwaggonta a Bosso. Ta girmi 'yan ajin da shekara biyu, don lokacin da uwarsu ta rasu sai da ta zauna gida ta riƙe ƙannenta. Doguwa ce, ba ta da fara'a, ga gardama kamar me. In na yi kuskure a allo ba ta jira in gama, sai dai in ji, "Malam, layi na uku." Abin yana ƙona mini rai, amma duk sanda baƙo ya zo makarantar littafinta nake nunawa. Makarantar nas take so, su kuwa sai da kiredit a kemistiri suke ɗauka. Babanta ya gaya mata zaman jarrabawa ɗaya zai iya biya mata. In ta ci ta wuce, in ba ta ci ba gona tana nan tana jiranta. Ta san haka, ni ma na sani, don da bakinta ta gaya mini.

Saura kwana goma jarrabawa, ambulan ɗin sirri ya iso, wanda ake gaya wa malami abin da zai haɗa wa ɗalibai. Soda mai ƙarfin sifili da ɗigo ɗaya, asid ma kusan haka. Asid na roƙo wajen abokina Silas da ke koyarwa a wata makarantar. Soda kuwa kasuwa na shiga, wajen matan da ke sayar wa masu dafa sabulu. Sai matsalar sikeli. Namu na lab ya mutu tun kafin in zo, wanda na samo aro na mai sayar da ƙusa ne, ba ya jin giram huɗun da lita ɗaya ke bukata ko kusa. Sai na yi dabarar da kowane malami irina yake yi a lokacin. Na auna kilo guda cur, na narka a lita biyar, ta ba ni soda mai ƙarfin biyar, wadda in ta taɓa fata sai ta ci. Daga cikinta na ɗebi kashi ɗaya na ƙara ruwan sama kashi arba'in da tara, ta zama ta jarrabawa. Na gwada, ta yi daidai. Har tafa wa kaina na yi.

Jarkoki biyu na zuba su, baƙaƙe, iri ɗaya, irin na man gyaɗa. Na ajiye su a ƙasa cikin ɗan ɗakin da ke bayan lab, mai ƙarfin a hagu, ta jarrabawa a dama. Na laluba aljihu ban ji biro ba, sai guntun alli. Malamin makaranta in yana da alli ai ba ya neman komai. Na rubuta 5 a jikin ɗaya, 0.1 a jikin ɗayar, na ja ƙofa.

Ana gobe jarrabawa da rana na cika wa kowa kwalbarsa daga jarkar dama. Kwalaben lemo ne da yaran suka kawo da kansu. Na tara yaran na yi musu huɗubar ƙarshe. Na ce, "Gobe ba ruwan rijiya ba ne, ku kula. Amma kada tsoro ya hana ku aiki, sodar jarrabawa mai rauni ce. In ta taɓa baki ku kurkure ku ci gaba, ba ta kisa." Kafin magariba aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rufin ɗan ɗakin nan dama yana yoyo. Da safe Baba Ndaman, tsohon da ke mana shara, ya tarar da ruwa kwance a ciki, ya ɗaga jarkokin ya ɗora a tebur don ya share. Alheri ya yi. Na daɗe ina neman in ɗora masa laifin a zuciyata, abin ya ƙi zama.

Mai sa ido a jarrabawar daga wata makaranta aka turo shi, Malam Yisa, mutum mai ɗaure fuska, ya cire agogonsa ya ajiye a tebur. Doka kuwa sananniya ce. Malamin darasi a bakin ƙofa yake tsayawa, ba ya magana da ɗalibi, sai an kira shi kan kayan aiki. Ɗalibin da ya fita kuma ya fita ke nan, ba ya dawowa.

Ba a yi minti biyar da farawa ba sai na ji tas! Yaron da ke kusa da Magdalina ya bugi kwalbarta da gwiwar hannu, ta faɗi ta tarwatse. Malam Yisa ya yafito ni ya ce, "Malam Ladan, soda ga lamba goma sha bakwai. Yi sauri, lokacinta yana tafiya."

Na suri wata kwalba na ruga ɗan ɗakin. Ga jarkoki biyu a kan tebur, jiƙe, babu ko ɗigon alli a jikinsu. Bari in faɗa tun yanzu don kada wani ya tausaya mini: na gani. Na ga allin ya goge, na ga ba inda na ajiye su suke ba. Da na ɗiga ɗigo ɗaya a yatsa na murza, santsin kaɗai ya isa ya gaya mini. Amma ina jin takun Yisa, ina tuna agogon nan da ke kan tebur. Na ce a raina ta dama ce ta jarrabawa, na tsiyaya, na kai mata.

Na koma bakin ƙofa ina kallo. Ta sa fifet ta zuƙa. Soda mai ƙarfi ta fi ruwa nauyi, ba ta hawa da sauri, sai ta ƙara ja da ƙarfi. Abin ya zarce ya shige mata baki. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ba da niyya ba, shekara biyu tana yin haka a gabana.

Ta saki fifet ɗin ta dafe tebur. Tari ya sarƙe ta, hawaye na zuba, ta tofa a kwanon da ke gefenta ta sake tofawa. Yara suka ɗago.

"Kowa ya duba aikinsa!" in ji Malam Yisa. Ya matsa kusa da ita. "Ke, za ki fita ne?"

Ta girgiza kai. Ta ɗauki kofin ruwan wanke gilashi ta kurkure baki sau uku, yadda na ce musu jiya. Ta goge ido da gefen hannu, ta sake ɗaukar fifet, wannan karon a hankali, ta cika ta juye, ta ɗiga launi, ta buɗe buret.

Wajen lamba ashirin da huɗu ruwan sauran yara ya fara juyawa, ina hango ja-ja nan da can. Nata rawaya. Talatin, arba'in, rawaya. Buret ɗin ta ƙare a hamsin, kwalbar ko gezau. A nan na sani. Ita kuwa ta ɗauka kuskurenta ne, ta sake cika buret da asid ta ci gaba da saki a kan ruwan. Wani hamsin ɗin ya ƙare. Sai ta ɗago ta dube ni. Leɓenta ya riga ya fara kumbura, ya yi fari-fari.

Abin da ya kamata in yi ko yaro ya san shi. In shiga in ce a tsaya, yarinyar nan ta haɗiyi soda mai ƙarfi, a tafi asibiti yanzu. Kalma ashirin ba ta cika ba. Amma in na faɗa, Yisa zai rubuta rahoto, a riƙe sakamakon makaranta, a kira ni ma'aikata, sunana ya zaga garin. Sai na gaya wa kaina ai in ta fita takardarta ta tafi, ai ita nake karewa. Ƙarya ce. Kaina nake karewa, kuma ko a lokacin na san haka.

Na je wajen Malam Yisa na yi ƙasa da murya. "Kwalbar da na ba lamba sha bakwai kamar ba a wanke ta da kyau ba. Bari in canza mata."

Ya ɗaga kafaɗa. Na ɗauke kwalbar, na tuttular da ita a kwata bayan ɗaki, na cika wata daga ɗaya jarkar, na ajiye mata ba tare da na kalli fuskarta ba. Ta wanke kayanta ta fara daga farko. Ashirin da huɗu da ɗigo uku, ya juya. Ta maimaita sau biyu, lamba ɗaya. Ta yi lissafinta, ta wuce sauran tambayoyin. Awa ɗaya da rabi tana tsaye, hannu ɗaya da biro, ɗaya da hankici a baki, don yawu ya ƙi haɗiyuwa. Ita ce ta ƙarshe da ta miƙa takarda.

Ni na ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Likitan matashi ne, ya haska bakinta da tocila, ya tambaye ta me ta sha. Ba ta iya magana, sai ta nuna ni.

"Soda ce ta jarrabawa," na ce.

"Ƙarfinta nawa?"

Magdalina ta juyo tana kallona.

"Sifili da ɗigo ɗaya."

Likitan ya saki ajiyar zuciya. Ya ce to da sauƙi, baki ne kawai ya ƙone, ta riƙa shan abu mai sanyi, ya rubuta magani ya sallame mu. Ba shi da laifi ko kaɗan, abin da na gaya masa ya yi aiki da shi. Da na koma makaranta na tarar shugaba ya riga ya rubuta rahoto, layi biyu: ɗaliba ta yi ganganci wajen amfani da fifet, an kai ta asibiti, ta sami sauƙi. Na sa hannu. Kafin in tafi gida na juye jarkar mai ƙarfi a masai.

Ta zo ta rubuta sauran takardunta, da kunu a gora, ba ta magana da kowa. In ta hango ni sai ta gaishe ni da kai. Kumburin ya saɓe, na ce alhamdu lillahi, abin ya wuce. Har barci na koma yi sosai.

A watan Agusta gwaggonta ta tare ni a bakin titi. Ta ce Magdalina tuwo ba ya wuce mata, sai ya tsaya a ƙirji ya dawo. Bayan sati biyu aka ce fate ma ba ya wucewa. Ni na san dalili, a littattafan da na karanta yake: ƙunar soda in ta warke sai hanyar abinci ta tsuke. Aka kai ta Zariya, likitoci suna zura roba suna buɗawa, ta dawo gida hanyar ta sake rufewa. Malamai suka haɗu suka je dubiya, ni na ce zazzaɓi nake yi.

Sakamako ya fito a Nuwamba. Magdalina ta sami A2 a kemistiri, abin da ba a taɓa samu ba tun kafa makarantar. Shugaba ya faɗa a taron safe, yara suka yi tafi, ya kira ni gaba ya girgiza mini hannu. Sannan ya miƙo mini takardar ya ce tunda ɗalibata ce, ni ya dace in kai mata. Ban sami hanyar zillewa ba.

Ran Asabar da hantsi na isa Beji. Babanta Irimiya gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya taso daga inda yake gyaran fartanya ya riƙe hannuna da nasa biyu.

"Malam da kanka? Sannu, sannu da hanya." Ya ƙi sakin hannun. "Ka yi haƙuri, Malam. Yarinyan nan ba ya jin magana. An ce ka gaya musu su kula, shi bai kula ba, ya ba ka kunya gaban baƙo. Kai kuma ka ɗauke shi har asibiti da mashin naka. Allah ya saka."

Na ce amin. Wallahi amin na ce.

Tana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, da gwangwanin tofa yawu a gefe. Da ban san ita ba ce da ban gane ta ba. Wuyan hannunta bai fi kaurin fifet uku a haɗe ba. Uban ya ajiye mini kujera, ya ce bari ya zo, ya nufi bayan gida. Na miƙa mata takardar. Ta daɗe tana dubawa, ta bi layin kemistiri da yatsa, sannan ta kife ta a ƙirji.

"An gode, Malam." Muryar ta dushe, sai da na sunkuya na ji.

Na fara surutun banza, wai makarantar nas za ta jira, wai baɗi ma ana ɗauka. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Sau biyu na cika buret," ta ce. Ta tsaya ta tofa. "Ɗari ke nan, bai juya ba. Na yi lissafin a Zariya, a kan gado. Ta wuce sifili da ɗigo huɗu. Iyakar abin da zan iya sani ke nan, don ka ɗauke kwalbar." Ta numfasa. "Nawa ce?"

Na dubi bayan gidan, babu kowa. Na dubi ƙasa.

"Biyar."

Ta rufe ido, leɓenta na motsi. "Ninki hamsin," ta ce.

"E."

"Likitan Zariya ya tambaye ni, na ce ban sani ba. Ya ce da an san mai ƙarfi ce tun ranar farko, da ba a sallame ni ba."

Na so ta zage ni, ta kira ubanta, a tara mini ƙauyen. Da hakan ya fi mini sauƙi. Da ƙyar na ce, "Me ya sa ba ki gaya wa Baba ba?"

"Ina da ƙanne mata biyu," ta ce. "Da ƙyar ya yarda da boko, don yana ganin girman malamai ne. In ya ji, zai cire su." Ta buɗe ido ta dube ni, irin kallon da take mini in na yi kuskure a allo. "Kai ma kada ka gaya masa. Ba don kai ba ne."

Sai ga Irimiya da doya shida manya a kafaɗa, sababbin haƙa, da ƙasarsu. Na ce a'a, Baba, don Allah ka bari. Ya ce in na ƙi na raina shi. Da hannunsa ya ɗaure mini su a bayan babur, ya ja igiyar ya gwada, ya raka ni har bakin hanya. Na kawo su gida, matata ta yi ta murna, ta daka sakwara. Na ce cikina ba daɗi.

Magdalina ta rasu saura kwana tara Kirsimeti. Na je jana'iza, aka ba ni kujera a layin gaba.

Da aka koma sabuwar shekarar karatu, wata safiya ina goge allo na ji sallama a ƙofar lab. Irimiya ne, da hularsa a hannu, a bayansa wata doguwar yarinya da sabon yunifom. Ya ce Mary ce, mai bin Magdalina, ta shiga ajin kimiyya, ita ma nas take so. Ya kamo hannunta ya matso da ita gabana, ya ce in riƙe masa ita kamar yadda na riƙe yayarta.

Na ce to.